Kawu da Maɓallin Gogewa

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya. Ya jiki, ya rawar hannun? Mama ta ce min ranar da ta je duba ka rabin shayinka a kan riga ya ƙare, kuma ka ce laifin kofin ne. Ni lafiya lau nake, sai karatun jinya da aikin asibiti da suke neman cinye ni ɗanya.

Direban da ya kawo maka wannan zai ba ka wata baƙar jaka. Kwamfuta ce a ciki. Ba sabuwa ba ce, amma tana aiki. Don Allah kada ka tura ta ƙarƙashin gado kamar yadda ka yi wa wayar da aka saya maka. Mutumin da ya shekara arba'in yana rubuta wa jama'a wasiƙa a bakin gidan waya bai kamata ya naɗe teburinsa ba don kawai hannu ya ƙi riƙe biro. Na yi magana da mai shagon fotokwafin da ke kusa da teburinka, ya ce zai nuna maka yadda ake yi, kuma zai riƙa fitar maka da abin da ka rubuta a takarda.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na je gidan Yaya, 'yarka. Mijinta ya sami aiki a wata ƙasa mai nisa, kuma ƙarshen wata mai zuwa za su tashi, da shi da ita da yarinyar. Ba tafiyar je-ka-ka-dawo ba ce, shekaru ake magana. Jikarka ta fara tafiya, Kawu, kuma ba ka taɓa ɗaukarta ba.

Ba ni zan koya maka abin da ya faru ba. Ka ba maƙwabciya keken ɗinkin mahaifiyar Yaya, Allah ya jiƙanta, ba tare da ka tambayi Yaya ba. Ta faɗi magana da zafi. Kai kuma ka zauna a take ka rubuta mata cewa in keke ya fi mata uba, ta je keken ya zame mata uba. Tun daga nan ba ta sake taka gidan ba. Ba ta ɗaukar waya in ta ga daga wajenka ne, kai kuma ko ta ɗauka kunnenka ba ya jin waya. Wasiƙa ce ta ɓata, ita ce kuma za ta gyara. Ka rubuta mata ta zo kafin ta tafi, ni zan kai mata da hannuna.

'Yar ƙanwarka.

*

Zuwa ga Likitar da ba ta gama karatu ba,

Gaisuwa. Jiki da sauƙi, hannu yana nan yana ta kiɗansa ba mai rawa. Ki daina sauraron uwarki, kofin nan da gaske hannunsa ƙarami ne.

Kin ga wannan takarda fes, babu ɗigon tawada. Da abarki na rubuta ta, da yatsa ɗaya, ina tsattsaga kamar kaza a juji. Mai fotokwafi ya yi ƙoƙari, ko da yake yana yi min magana a hankali kamar wanda ya tashi daga suma. Na gode, Allah ya yi miki albarka. Amma bari ki ji abin da ta jawo min a wajen aiki.

A da, in mutum ya zauna a bencina ya ce rubuta, ya san tawada ba ta komawa cikin biro. Zai auna kafin ya faɗa, in ya faɗa kuma ya tsaya a kan maganarsa. Yanzu sun gane akwai maɓallin da yake cinye magana ba ya barin ko ƙashi. Jiya wata dattijuwa ta zo za ta rubuta wa ɗanta da ya manta da ita. Ta zo da wuta. Ta faɗi maganganun da ni kaina sai da na gyara zama. Da na karanta mata, ta ce a cire wannan, ya yi zafi. Na cire. Ta ce a cire wancan, matarsa za ta gani. Na cire. Muka yi ta cirewa har rana ta bar kan teburina ta koma kan kwatar da ke gabanmu. Abin da ta tafi da shi a ambulan shi ne tana gaishe shi, kuma tana lafiya. Matar da ba ta da lafiya ke nan. Da biro ne da tuni wasiƙar tana hanya, yaron yana jin kunya.

Game da yayarki. Na karanta abin da kika ce. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Amma ki sani, in zan rubuta, ba zan sake yin irin ta wancan karon ba. Waccan a zama ɗaya na yi ta, jini yana tafasa, na liƙe ambulan tun tawada ba ta bushe ba. Wannan karon, tunda Allah ya kawo abin gogewa, zan bi ta a hankali. Ki ba ni lokaci.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Ya jiki? Ni ina ɗakin masu karaya wannan satin, ƙafafuna sun kumbura don tsayuwa. A kan teburin magunguna nake rubuta wannan, don ba a barinmu mu taɓa waya a bakin aiki, ka yi haƙuri da rubutun.

Shiru, Kawu. Direba ya zo ya koma ya sake zuwa, kullum sai ya ce min ba ka ba shi komai ba. Na tambaye shi ko lafiyarka, ya ce ya gan ka a bakin gidan waya ka duƙufa kan kwamfuta ko sallamarsa ba ka amsa ba. To me kake rubutawa?

Na sake zuwa gidan Yaya. An fara haɗa kaya. Labulen falo an sauke, kujeru an ba ƙanin mijinta, a kan katifa muka zauna. Ban ce mata komai ba, don ba na so in sa mata rai da abin da ban gani da idona ba. Amma da nake naɗe mata kayan yarinyar sai ta ce, "Ya hannun nasa?" Ba ta ce wane ba, ni ma ban tambaya ba. Na ce yana nan yana rawa. Ta ce a riƙa hana shi shayi mai kauri.

Ka ce in ba ka lokaci. Lokacin ba nawa ba ne balle in ba ka. Mutanen gari kana gama musu wasiƙa kafin shayinsu ya huce, taka ta 'yarka ta gagara? Raina ya fara ɓaci, kuma na gwammace in faɗa maka da in ɓoye.

'Yarka.

*

Likita,

Gaisuwa, da sannu da ƙafa. Ki riƙa ɗora su kan matashi in kin koma ɗaki.

Takardarki ta iso. Na ga inda kika rubuta "taurin kai" kika soke da layi biyu. Shekara arba'in ina karanta rubutun mutane, yarinya, layi biyu ba ya ɓoye min komai. Amfanin takarda ke nan, mutum yana ganin abin da aka faɗa da abin da aka haɗiye. Ni kuwa ga tawa nan, ko hushi nake ko dariya ba za ki gane ba.

Kina tambaya me nake yi. Rubutu nake yi. Kullum in na sallami mutane sai in buɗe wasiƙar yayarki. In rubuta layi, in koma in karanta, in ji kamar roƙo nake yi, in goge. In rubuta wani, in ji kamar faɗa nake yi, in goge. Da biro, in na fara jimla dole in kai ta ƙarshe, ita ce take jan ta gaba, kafin in farga na cika shafi. Wannan abar kuwa ba ta barin mutum ya yi gaba. Wani ɗan sanda ne, ɗan siririn layi a tsaye a jikin gilashin, yake ta ƙifta ido a ƙarshen kowace kalma, kamar yana tambayata ko na tabbata. Ni kuwa ban taɓa tabbata ba.

Amma na gama. Mai fotokwafi ya ce zai tura miki ta imel ki fitar da ita a takarda a can, don kada ta yamutse a aljihun direba. Ga abin da ke ciki:

"Zuwa ga 'yata. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya tare da maigidanki da yarinya. Labari ya iso gare ni cewa kuna shirin tafiya. Ina yi muku fatan alheri. Game da abin da ya faru a baya, ina ganin kowane ɓangare yana da nasa dalili. Idan hali ya yi kafin tafiya, ƙofa a buɗe take. Mahaifinki."

Babu kalma ɗaya a ciki da za ta riƙe ta ce na zage ta. Na duba na sake dubawa.

Kawunki.

*

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ƙafa da sauƙi.

Na karanta. Na kuma karantawa a tsaye ko za ta canza. Kawu, wannan ba wasiƙar uba ba ce. Irin wadda kake rubuta wa 'yan unguwa ce in za su kai ƙara ofishin ruwa. "Kowane ɓangare"? Ku biyu ne fa, kai da 'yar da ka goya a wuyanka kana kai ta makaranta. Gaskiya ne babu kalmar da za ta riƙe ta ce ka zage ta, amma babu kuma wadda za ta riƙe ta taho.

Ban kai mata ba. In na kai mata wannan za ta karanta, ta ce ta gode, ta sa a cikin kwalin da za a bari a baya. Wasiƙar tana buƙatar gyara, Kawu, gyara sosai. Ka sake zama a kanta. Kai ne ka taɓa ce min in mutum ya zo bencinka ya kasa magana, kakan ce masa ya manta da takarda, ya ɗauka mutumin yana zaune a gabansa. To ka ɗauka tana gabanka.

An ba su ranar tashi. Sati biyu ba su cika ba. Direba zai dawo jibi, amma kada ka jira shi, ka ba mai fotokwafi ya turo.

'Yarka.

*

Likita,

Gaisuwa. Lafiya lau, sai dai wutar lantarki da ta yi mana yaji, kwamfutar ta mutu a hannuna sai da aka kai ta caji shagon mai aski.

Kin ce a gyara, na gyara. Kin yi gaskiya a kan "kowane ɓangare", na cire shi. Da na cire shi sai na ga maganar abin da ya faru a baya ta tsaya ita kaɗai kamar haƙori ɗaya a baki, sai na cire ta ita ma, don tone-tone ba shi da amfani. Maganar ƙofa kuma na daɗe ina kallonta. Ƙofar gidan ubanta ce, ba ta buƙatar a gaya mata a buɗe take. In na faɗa kamar ina nufin da can a rufe take. Na cire.

Yanzu ta zama gajera, mai tsabta. Gaisuwa, fatan alheri, addu'ar Allah ya kai su lafiya. Wanda yake da hankali zai gane sauran.

Na gaji, yarinya. Idona yana ruwa saboda hasken gilashin nan, kuma mutane suna jirana a benci. Wannan ita ce ta ƙarshe, ba zan sake taɓa ta ba. Tana hannunki, ki yi abin da ya dace da ita.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaisuwa. A gurguje nake, ana jirana a ɗakin tiyata.

Da na ce a gyara, ƙari nake nufi, ba ragi ba. Garin gyaran gira ka cire idon gaba ɗaya. Amma lokaci ya ƙure, ba zan sake mayar maka da ita ba. Na fitar da ita a takarda na kai wa Yaya jiya da yamma.

Tana tsakiyar ɗaure kwalaye na miƙa mata. Ta goge hannu a zani ta karɓa. Ta karanta a tsaye, sannan ta zauna a kan wani kwali ta sake karantawa. Ta ninke ta sa a jakar hannunta, ba a kwali ba. Da zan tafi ta tambaye ni ko direban nan namu yana karɓar saƙo, na ce e.

Iyakar abin da na sani ke nan. Ka yi addu'a.

'Yarka.

*

Ke,

Ba zan tambayi lafiyarki ba, na san kina lafiya, mara lafiya ba ya iya abin da kika yi.

Direba ya kawo min takarda daga yayarki, da rubutun hannunta, wanda rabona da gani tun kafin a haifi yarinyar. Nan take na buɗe. Ta ce za ta zo ranar Asabar, ta wuni ko ta ɗan zauna, kafin su tashi. Ta ce ba don gaisuwar ba, ba don addu'ar ba, don layi ɗaya ne. Ta kwafo min shi da hannunta: "Ki zo in gan ki kafin ki tafi, gidan ya yi min girma tun da kika daina zuwa."

Na buɗe kwamfuta na duba wasiƙata daga sama har ƙasa. Na kira mai fotokwafi ya duba abin da ya tura miki. Babu wannan layin. Ke kika sa.

Shekara arba'in ina zaune a bakin gidan waya. Na rubuta wa masu neman aiki, na rubuta wa masu neman gafara, na rubuta wa waɗanda na san ƙarya suke shirgawa. Ban taɓa ƙara wa mutum kalma ɗaya da bai faɗa ba. Sau nawa ina ganin inda magana ɗaya tawa za ta gyara gida, in haɗiye, don wasiƙar ba tawa ba ce. Wannan kaɗai nake da shi a sana'ar nan, shi ya sa makaho yake zama a bencina ya yarda da abin da na karanta masa. Yau ga 'yar ƙanwata ta sa min magana a baki, ta kai wa 'yata.

Da hannuna na rubuta da ba ki isa ba. Ko makaho ya shafa zai ji inda hannu ya canza. Amma baƙaƙen injin nan duk uwarsu ɗaya, nawa da naki ba a bambancewa. Da na ce ki yi abin da ya dace, ki fitar ki kai nake nufi, kin kuma sani.

Yanzu za ta taso da goyo ta yi wannan doguwar tafiya a kan maganar da ba tawa ba. Ba zan karɓe ta a kan ƙarya ba. Na fara rubuta mata cewa layin nan ba nawa ba ne. In ta ga dama ta zo bayan ta ji, in ba ta ga dama ba, Allah ya kai su lafiya.

Kawunki, duk da haka.

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ko ba za ka amsa ba. Ya hannun?

Ni na sa. Ba zan ce ban gane nufinka ba, na gane sarai, na dai ga ƙofa a maganarka na bi ta ciki. Na zauna a shagon da ake fitar da takardu, wasiƙarka tana gabana a gilashi, layi uku kamar sanarwar asibiti. Ɗan sandan nan da ka ce yana ƙifta maka ido, ni ma ya ƙifta min. Ban yi dogon tunani ba. Na rubuta a numfashi ɗaya na ce a fitar, don na san in na tsaya karantawa zan goge kamar yadda kake yi.

Ka yi fushi da ni, ka isa. In ka ce kada in sake taka gidanka sai in haƙura, na ga yadda ake yi. Amma ka gaya min wace kalma ce ƙarya a layin. Ba ka son ganinta? Gidan bai yi maka girma ba? Mama ta ce ka rufe ɗakuna biyu, kana kwana a falo da rediyo a kunne. Ni ban ƙirƙiro komai ba, abin da kowa yake gani na rubuta.

Na san wannan ba ya wanke ni. Maganar gaskiya ce, amma ba ni ke da ikon faɗinta ba. Na yarda.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka tura mata waccan takardar. Ka taɓa tura mata wasiƙa cikin fushi, ka ga abin da ta haifar. In dole sai ka gaya mata, ka bari ta zo, ka gaya mata tana kallonka. Ta riga ta saya wa yarinyar sababbin takalma saboda zuwan nan. In ta fasa, ba kai kaɗai za ka yi asara ba, kuma ni ce sila. Tun da takardarka ta zo ban iya cin abincin kirki ba, ina jin tsoro.

'Yarka, in ka yarda.

*

Likita,

Gaisuwa. Ki ci abinci, mai jinya da yunwa ba ta da amfani ga kowa.

Za ki sha wuya wajen karanta wannan. Da biro na rubuta, layukan suna hawa suna sauka kamar hanyar ƙauye. Da gangan na yi, don kada ki ƙara min komai. Ban gama fushi da ke ba, kada ki ɗauka an wuce wurin. Za mu yi maganar in kin zo hutu, a zaune.

Takardar da na ce zan tura mata ban tura ba. Ba don roƙonki ba, roƙonki ya iso a makare, direban ya kwana a hanya da lalacewar mota. Abin da ya faru shi ne na zauna in rubuta mata cewa layin ba nawa ba ne, sai na ga "ba nawa ba ne" ya yi kaushi, na canza. Na ga canjin ya yi laushi, na mayar. Ina cikin wannan har Asabar ta zo ta same ni a gaban gilashi. Abar da ta hana ni gyara ita ce ta hana ni ɓatawa, sai ki san yadda za ki yi da wannan.

Da azahar suka iso. Na ji tsayuwar mota, na fito ban ko sa hula ba. Ta rame kaɗan. Yarinyar tana saɓe a kafaɗarta tana barci, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannun uwar. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙo. Ta ce motar haya ce, mai motar yana jira a waje, ba za su daɗe ba don akwai sauran shiri.

Muka zauna a falo. Ta dubi kusurwar da keken yake a da, ta kawar da kai. Na kawo ruwa, rabi ya zube a tire kafin in iso, ta tashi ta karɓa. Sannan ta buɗe jaka ta fito da takardar. Ta ninku har ta fara yagewa a tsakiya. Ta shimfiɗa ta a kan gwiwarta, ta ɗora yatsa a kan layinki.

Ta ce, "Baba, kai ka rubuta wannan?"

Kalma ɗaya ce tsakanina da zaman lafiya. Na dube ta, na dubi yarinyar. Na ce, "A'a. Ƙanwarki ce ta sa."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta fara ninke takardar, ta laluba takalmin yarinyar a kan kujera. Na ga tafiya za ta yi.

Na ce, "Nawa ya fi wannan tsawo. Na goge."

Ta tsaya. Ta ce, "Me ka goge?"

Na buɗe baki, babu. Kin san da takarda ce da sai in ɗauko mata, ta karanta ta ƙarƙashin inda na soke, kamar yadda na karanta taurin kanki. Amma abar nan ba ta ajiye abin da mutum ya haɗiye. Duk jimlolin da na yi sati da sati ina sassaƙawa, ko ɗaya ban tuna ba. Tana tsaye da jaka a hannu, mai mota ya danna oda a waje.

Sai na faɗi abin da ya zo bakina, ba kai ba gindi. Na ce mata, keken nan ban ba da shi don na raina uwarki ba. Na ce kullum da safe in na fito sai in gan shi a rufe da zaninta, da zaren da ta bari a allura, sai in kasa karyawa. Na ce wata uku ina fita aiki da yunwa. Na ce da na gaya miki haka tun farko, amma na ji kunya ki san ubanki yana tsoron keken ɗinki. Ban san me na ƙara faɗa ba, muryata ta riƙa yin abin da hannuna yake yi.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta sauke yarinyar daga kafaɗarta ta ɗora min a cinya, ta kama hannuwana biyu ta zagaya su a bayanta don kada ta zame. Ta ajiye jakar a kan kujera, ta fita ta sallami mai motar.

Kawunki.